Akwatin Yashin da Arzika Ya Ƙi Gamawa

A duk Zongon Kwatano da wuya ka sami magidancin da bai taɓa ba Malam Arzika kafinta aiki ba, kuma da wuya ka sami wanda bai taɓa zaginsa a zuci ba saboda nawar aikinsa. Ka kai masa kujera ƙafa ɗaya ta karye, sai ya juya ta, ya ƙwanƙwasa, ya shinshina katakon kamar mai sayen turare, sannan ya ce ka dawo gobe. Ka dawo goben ka tarar ya kwance sauran ƙafafun, wai su ma bai yarda da su ba. Tun yana saurayi aka laƙaba masa Arzika Sai-gobe, sunan kuwa ko a jikinsa. Abin da ya sa ake haƙuri da shi ɗaya ne: abin da ya fita daga hannunsa ba ya dawowa gyara.

Babu mutumin ruwa a danginsa kaf. Kakansa falke ne da ya gangaro daga arewa da kanwa, kasuwa ta karɓe shi, ya zauna. Mahaifinsa dillalin shanu ne. Shi kuwa tun yana ƙarami aka ga ba shi da bakin ciniki, sai aka kai shi wurin wani kafinta Bayarabe ya koyi aiki. Ya fito da sana'ar adaka, manyan akwatunan katakon nan da 'yan kasuwa ke zuba atamfa a ciki. Da ita ya auri Fadima mai masa ta bakin layinsu, da ita ya ciyar da 'ya'yansa, Muktar na fari da mata uku a bayansa. Sai aka fara sauke akwatunan ƙarfe da jakunkuna masu taya a tashar jiragen ruwa, ga araha ga ƙyalli, adaka ta zama kayan tsofaffi. Arzika ya koma gyaran benci da ƙofar shago.

Ambaliya ce ta kai shi ruwa. Wata shekara ruwa ya shiga unguwar Ladji ta bakin tafki kamar yadda ya saba, aka tsinci adakar wata mata tana yawo a tafki, aka buɗe, zannuwa a bushe. Masu jirgi suka tambayi wanda ya yi ta. Da aka ce musu wani Bahaushe ne a Zongo sai da suka yi dariya, sannan suka aika. Ranar da ya fara zuwa, da babbar riga da hula, yana ɗaga ƙafa kamar kaza a taɓo, masunta suka sami abin nishaɗi. Har ya tsufa bai koyi iyo ba, bai kuma taɓa yarda ya taka jirgin da ke kan ruwa ba. Sai an jawo masa shi kan yashi an tokare, sannan ya tuɓe riga ya shiga.

Aikin da suka kira shi ya yi ba wanda fasinja ke gani ba ne. A cikin manyan jiragen katako masu ɗaukar kaya da mutane, can ƙasa a tsakiyar ciki, akwai wani dogon akwati da ake jera buhunan yashi a cikinsa. Masu jirgi kes suke ce masa. Nauyin yashin nan shi ke riƙe jirgi ya miƙe in igiyar ruwa ta mare shi, amma fa muddin buhunan suna nan inda aka ajiye su. Ranar da bangon akwatin ya ɓalle, buhunan suka gangara gefe guda, to nauyin da aka sa don ya tsare mutane shi zai kifar da su, kuma ba ya ba da lokacin salati. Kafin zuwan Arzika da siririn falanki ake yin bangon, a buga ƙusa, a ce Allah ya kiyaye.

Shi kuwa da katakon loko mai kauri yake yi. Ba ya yarda da ƙusa. Sai ya huda, ya zura ƙaton noti, ya ɗaure bangon da haƙarƙarin jirgin, ya shafe kan notin da kwalta saboda gishiri. Bayan kowane bango ya kafa tokara, a ciki kuma ya raba akwatin ɗaki-ɗaki, don kada buhu ya sami filin gudu kafin ya bugi katako. In zai gwada, da jiƙaƙƙen yashi yake cikawa, don a cewarsa busasshen yashi maƙaryaci ne, a tudu kawai yake da sauƙi. Daga ƙarshe ya kwanta rigingine a cikin jirgin ya tokari bangon da ƙafafu biyu iya ƙarfinsa. In ya ji ko da ɗan ƙara ne, an koma farko. Masu jirgi su yi ta mita da harshen Fon, ya mayar musu da gurguwar Fon ɗinsa ta Zongo, a yi dariya, a jira shi.

Akwai wata al'ada da Arzika ya riƙe hannu bibbiyu, wadda yawancin mutanen Zongo suka daɗe da saki, wato kunyar ɗan fari. Haka ya ga mahaifinsa ya yi da yayansa, kuma a ganinsa ita ce ɗan abin da ya rage musu na gida a wannan gari na bakin teku. Bai taɓa ɗaukar Muktar a gaban mutane ba. Bai taɓa kiran sunansa ba. "Kai" ne in yana kusa, "wancan" in ba ya nan. Fadima ma "yaron nan" take cewa, sai dai ita uwa ce, tana da hanyoyinta. Lokacin da ƙyanda ta kwantar da Muktar yana ƙarami, Arzika ya yini yana gyaran ƙofar ɗakin da yake kwance, ƙofar da ba abin da ya same ta, don dai ya riƙa jin numfashinsa. Wanda bai sani ba sai ya ce ba ya ƙaunar yaron. Alhali duk duniya babu abin da yake so kamarsa, faɗin ne dai ba zai iya ba.

Muktar ya taso dogo, mai fara'a, mai saurin hannu. Ya yi lakwal, wato makarantar boko, ya fito da takardarsa, ya zaga ofisoshin Ganhi da ita har ta yi laushi a aljihu. Ya zauna gefen mahaifinsa ya koyi katako, ya iya kuwa, amma aikin ba ya isar mutum biyu. Ya ja zem, acaɓar Kwatano, na ɗan lokaci, mai babur ya karɓe abinsa. Ƙannensa duk suka yi aure suka bar shi yana cin tuwon uwarsa, abokansa da suka tsallaka Gabon kuma suna turo masa hotuna, kowa ya yi ƙiba, kowa a jingine da motar da ba tasa ba. Wata rana bayan la'asar ya zo ya durƙusa gaban bencin mahaifinsa.

"Baba, jirgin Alhaji Rafiou zai tashi zuwa Libreville ta Gabon kafin ruwan damina ya sauka. Na yi magana da shi, ya ce zai ɗauke ni in riƙa taimaka wa matuƙa. Izininka nake nema."

Arzika ya ci gaba da wasa zartonsa, bai ɗago ba. Can ya ce, "To."

A ranar abinci bai wuce masa ba. Shi ya fi kowa sanin abin da ke ƙarƙashin ƙafafun masu wannan tafiya, ya kuma san gidajen da ke zaune da waya a hannu shekara da shekaru. Amma me zai ce? A Zongo ba a hana ɗa namiji fita nema, don da an hana kakanninsu da babu Zongon ma. Aiki kuwa ba shi da shi balle ya ba shi. Dalili ɗaya ya rage, cewa ba zai iya zama a gidan da babu yaron ba, wannan kuwa gara a yanke masa harshe da ya furta shi.

Sai ya ɓullo ta bayan fage. Ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi Ganhi wurin Sirajuddeen, wani ɗan'uwansu da ke aiki a kamfanin shigo da kaya, ya zauna yana kewaye-kewaye har mutumin ya gane da kansa. Sirajuddeen ya ce akwai mai kula da sito da zai bar aiki bayan Babbar Sallah, in Allah ya yarda wurin na Muktar ne, amma a yi shiru sai ta tabbata. Arzika ya fito yana saƙe-saƙe. Sallah tana bayan saukar ruwa. In ruwa ya sauka teku ta yi fushi, Alhaji Rafiou ba zai saka jirginsa ba sai bayan damina. Abin da ake buƙata kawai shi ne jirgin ya makara.

Allah da ikonsa, ba a daɗe ba sai ga Alhaji Rafiou har gida. Mutumin Zongo ne, da manyan motoci ya fara kafin ya koma ruwa, mai ƙaton ciki da ƙatuwar murya, amma mai tsoron Allah a kan ran mutane. Ya ce bangon kes ɗin jirginsa ya ruɓe, kuma ba zai ɗora ɗan kowa a kai ba sai Malam Arzika ya sa hannu.

"Bon, Malam, don girman Allah, wannan karon a raga mini sai-goben nan. Lokaci ya ƙure."

"Aiki ne zai faɗi lokacinsa, Alhaji," in ji Arzika.

Jirgin yana kan yashi can wajen gari ta hanyar Seme. Kullum da safe Arzika ya hau zem da jakar kayan aikinsa, ya dawo da yamma da garin katako a gira. Aka kawo katako, ya ƙwanƙwasa, ya ce ɗanye ne, a shanya. Aka shanya. Ya kafa bango ɗaya, ya ja da baya ya dube shi, ya kwance. Ya ce notin da aka sayo na bogi ne, a sake. Ya ce tokara ta karkace. Da wani ne da tuni an kore shi, amma wannan Arzika ne, an daɗe ana shan halinsa ana ganin amfaninsa. Alhaji Rafiou ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya haɗa shi da Allah, ya koma mota yana huci. Abin yana cin Arzika a rai, don tun da yake bai taɓa yi wa katako ƙazafi ba sai wannan karon.

A gida kuwa Fadima ce ke tare masa. Ita ta riga ta sallama. Ta yi kukanta a madafa, ta share hawaye, ta shiga haɗa wa ɗanta gari da ƙuli-ƙuli na guzuri. In Muktar ya shigo yana ƙorafin fasinjoji sun fara watsewa, sai ta ce, "Ka yi haƙuri. Tun da nake da mutumin nan bai taɓa jan aiki don son ransa ba. In ya ce katako bai bushe ba, to bai bushe ba, zan iya rantse maka." Arzika yana jin ta daga kan buzunsa, sai ya ƙara saurin jan carbi.

Hadari ya fara haɗuwa da yamma-yamma yana watsewa. Wata rana da hantsi Muktar ya zo bakin tekun da kansa. Ya yi sallama, ya hau jirgin, ya tsaya yana kallon tarin katakon da mahaifinsa ya ɓamɓare ya jingine. Ya ɗauki ɗaya, ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa, ya kai hanci. Ya ɗauki na biyu.

"Baba, katakon nan ya bushe."

"Kai ka san katako ko ni?"

"Kai ka koya mini, Baba."

Arzika ya sunkuya yana laluben jaka, shi kansa bai san abin da yake nema ba. Muktar ya sauko cikin jirgin ya durƙusa a kan jiƙaƙƙen yashi, kusa da shi fiye da yadda suka taɓa zama. Ya rage murya.

"Baba, in ba ka son tafiyar nan ne, ka faɗa mini. Wallahi in ka ce in zauna, zan zauna. Ko zem ne zan koma. Ni dai in ji daga bakinka."

Ga ƙofa an wangale masa. Babu kowa a wurin, yaran jirgin suna can gindin kwakwa suna cin abinci, ba mai ji balle ya yi masa dariya. Kalma ɗaya ce, zauna, ɗan yaye ma yana faɗinta. Ta taso masa har maƙogwaro. A nan ne fa mutum zai so ya kama dattijon nan ya girgiza shi, don abin da ya fito daga bakinsa shi ne:

"Wa ya riƙe ka? Kai ba namiji ba ne? Ni aikina nake yi, in na gama na gama."

Muktar ya daɗe a durƙushe. Sannan ya ce, "To Baba. Allah ya huci zuciyarka. A yafe mini." Ya miƙe, ya karkaɗe gwiwoyinsa, ya mayar da katakon daidai inda ya ɗauke shi. Arzika ya bi shi da kallo har ya hau titi, yana gaya wa kansa saura ƙiris, ruwa na sauka shi ke nan, wata rana yaron zai gode masa.

Bai san cewa samarin da suka gaji da jira sun sami labarin wani jirgi can tsallaken iyaka ba, wanda ba ya jiran kowa. A makon nan Muktar ya yanke shawarar bin su, ya ɗauki guzurinsa, ya durƙusa wa uwarsa, ya ce ta gaya wa Baba, shi ba zai iya sake tsayawa gabansa ba. Arzika ya dawo da yamma ya tarar da Fadima zaune bakin murhu babu wuta. Bayan kwana biyu waya ta yi ƙara. Fadima ta ɗauka, shi yana tsaye bakin ƙofa yana jin muryar sama-sama.

"Inna, yanzu za mu shiga. In mun yi nisa babu rezo, waya ba za ta shiga ba, kada hankalinku ya tashi. Muna sauka zan kira. Baba yana kusa?"

Fadima ta miƙo wayar. Wannan karon Arzika ya kai hannu da sauri, so yake ya ce masa ya leƙa kes ɗin jirgin, in siririn falanki ne ya fito. Kafin wayar ta kai kunnensa layi ya yanke. Suka kira, suka sake kira, wata murya tana ta ba su haƙuri da Faransanci.

Ruwa ya sauka kamar yadda Arzika ya yi ta roƙo. Ladji ta cika, layukan Zongo suka zama kwata. Abokan Muktar na Gabon suka ce sun je bakin ruwa sun jira, ba su ga jirgi ba. Wani ya ce an tsare su a wata ƙasa a hanya, wani ya ce masunta sun ga jarkoki da takalma suna yawo a kan ruwa. Babu ma wanda ya san sunan mai jirgin na gaskiya. Bayan Sallah Sirajuddeen ya zo jaje, zai tashi ya raɗa wa Arzika cewa wurin ya samu, zai ɗan riƙe shi ko Allah zai sa. Liman ya taɓo maganar sadaka, Fadima ta ce ba a yi wa mai rai sadakar mutuwa.

Arzika ya shiga yawon ofisoshi, shi da bai taɓa ƙaunarsu ba. A wani buro wata ma'aikaciya ta tambaye shi sunan wanda ya ɓata. Ya ce ɗansa ne. Ta ce ta ji, sunansa take so. Ya ce ɗansa na fari. Matar ta ajiye biro ta dube shi, ga layi a bayansa. Sai ya buɗe baki ya ce, "Muktar." Tun ranar da ya raɗa masa shi a kunne yana jariri sunan bai sake fita daga bakinsa ba sai yau, a gaban baƙuwar da ba ta ma iya faɗinsa daidai ba. Ya fito ya zauna a kan kwalbati da babbar rigarsa ya yi kuka mai sauti, 'yan zem suna ratse shi. A cikin waɗannan watanni ne ya ƙarasa kes ɗin Alhaji Rafiou, ba wanda ya kula da ranar da ya gama.

Bayan damina teku ta kwanta, jirgin ya tashi, ya je, ya dawo. Alhaji ya zo gidan da kansa, ya zauna kan benci ya cire hula ya riƙe. Ya ce ya sa yaransa sun bi duk inda 'yan Zongo ke zama a Libreville, masallaci-masallaci, babu labari. Sai Alhaji ya ga ya kamata ya faɗi wani abu mai daɗi.

"Amma Malam, aikinka! A hanyar zuwa iska ta same su, matuƙina ya ce tun da yake bai ga irinta ba. Jirgi ya kwanta har ruwa na shiga ta gefe, sai ya miƙe. Ko buhu ɗaya bai motsa ba. Duk wanda ya shiga jirgin nan ya sauka da ƙafarsa."

Arzika ya ce, "Alhamdu lillahi." Alhaji alheri ya nufa, amma da zaginsa ya yi da ya fi masa sauƙi.

Kafin ya tashi Alhaji ya ce ya sayi jirgi na biyu, girmansu ɗaya da na farko, kes ɗinsa sai an sake gaba ɗaya. Arzika ya so ya ƙi, sai dai ya ce zai je ya duba. Ranar Litinin ya je. Ya tarar da samari a gindin kwakwa da jakunkunansu, wasu daga Parakou, wasu 'yan layinsu, suna zaman jira. Ɗaya ya taso ya gaishe shi.

"Baba, kai ne mai aikin? An ce kana daɗewa. Wasu sun ce akwai jirgi can tsallake, ko mu tafi can."

"Kada wanda ya motsa daga nan," in ji Arzika. "Ku ba ni zuwa Juma'a."

Ya san abin da ya jawo wa kansa. Zongo ba ta ɓoye labari. Ranar da jirgin nan ya tashi kowa zai ji, har da Fadima, wadda ta tsaya wa gaskiyar mijinta a gaban ɗanta. Da zai ja aikin ko da rabin na wancan ne, da asirinsa ya rufu har kabari, ba kuma wanda zai yi mamaki. Ya dubi samarin, ya dubi jakunkunansu, ya tuɓe riga.

Bai rage komai ba. Ya huda, ya ɗaure, ya kafa tokara, ya raba ɗakuna, ya sa aka ɗebo jiƙaƙƙen yashi, ya kwanta da tsofaffin ƙafafunsa ya tokari bango. Yaran jirgin da suka san shi suka tsaya baki buɗe, don ba su taɓa sanin hannun dattijon yana da wannan saurin ba. Ranar Alhamis da azahar ya tattara kayansa.

Ya shigo gida rana tsaka da jaka a kafaɗa. Fadima tana tsakar gida tana wanke tandar masa. Ta ɗago.

"Malam, lafiya da rana haka?"

"Na gama."

"Ka gama me?"

"Aikin Alhaji. Gobe za su fara lodi."

Ta tsaya da soso a hannu, ruwa yana ɗiga. "Ƙaramin jirgi ne?"

"A'a."

"Irin wancan ne?"

"Irinsa ne. Komai ɗaya."

Ta daɗe tana dubansa. Arzika bai sunkuyar da kai ba, bai kuma sauke jakar ba. Tsaye yake yana jiran ihu, ko zagi, ko ta jefe shi da tandar, kuma da ta yi da ya gode mata. Ba ta yi ba. Ta ɗauraye hannunta, ta shiga madafa, ta kawo masa abinci kamar kullum, ta durƙusa ta ajiye, ta zuba masa ruwan wanke hannu. Sai da ta miƙe ta juya masa baya sannan ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Da ni ka gaya wa, Malam, da na riƙe shi. Ni da na iya faɗa."

Ta shige ɗaki. Abincin ya huce a gabansa har aka kira la'asar.